Wayar Sito Ta Fita Daga Layi

Litinin, takwas da rabi na safe

Ta kunna. Ƙararrawa ruwan ɗorawa, can ƙasan allo inda ta saba: "Wayar sito ta fita daga layi." Na danna "Na gani". Kafin in gama goge teburina ta koma kore.

Aikina ke nan, ni da Dogo da ke zaune kusa da ni. Duk wayar da ke kamfanin nan, ta tebur ce ko ta reshe, in ta yi tari allon gabanmu ne ke fara sani. Ja na nufin tashi da gudu. Ruwan ɗorawa na nufin a duba. Kore kuma a sha iska. Duk ƙararrawar da ta taso sai ɗayanmu ya danna "Na gani", don a san ba barci muke ba. Dogo ya ce mu kaɗai ne 'yan sa ido da ake biya albashi.

Wayar sito lafiyarta ƙalau. Yayana ne ke cire ta. Shi ne mai kula da sito, can ƙarshen gari, kuma soket ɗaya ne tal a ɗan ofishinsa. Ba ya fara aiki sai ya sha shayi, don haka sai ya zare filogin waya ya sa na buta. Ruwa ya tafasa, ya mayar. Da can ina ganin ta dawo zan kira shi in ce, "Yaya, ka sake kashe min waya!" Ya ce, "Auta, waya ba ta maganin sanyi." In yi ta masifa yana dariya.

Tun rasuwar Mama ban kira ba. Shi ma bai kira ba. Amma shayinsa bai fasa ba, mutum sai taurin kai kamar jaki.

Talata, da safe

Ta kunna. Na gani.

Laraba, lokacin cin abinci

Oga ya shigo da kwali ya dire a kan teburina. Wai daga sama an ce ƙararrawar banza ta yi yawa a ɗakin nan, a rage. Ya nuna ƙasan allo da biro.

"Wannan ta sito, kullum sai ta taso. Me ke damunta?"

"Soket ne, ranka ya daɗe. Ba ta daɗewa."

"To ga sabuwa nan. Ita ba ruwanta da soket, ta igiyar layi take shan wuta. Ki kai ki sa musu. Ai ma yayanki ne a can, ko? Kin huta, ki gaisa da shi."

Na ce to. Yana fita na tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa. Dogo ya kalle ni ta saman tabarau, na ce masa ya kalli allonsa tun ban ci mutuncinsa ba.

In na sa sabuwar nan shi ke nan. Kore har abada. Ba zan sake sanin ya fito ko bai fito ba. Ba wai na damu ba ne. Sabo ne kawai.

Alhamis, da safe

Ta kunna. Na gani. Kwalin yana bugun ƙafata duk sanda na motsa.

Jumma'a, la'asar

Anti, matar Yaya, ta kira ni a wayar hannu. Na bar ta ta yi ta kuka a jaka har ta gaji. Na san zancen: ku yi haƙuri da juna, ku biyu kuka rage, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na sani. Ai ba ni na fara ba.

To, ni na faɗi maganar. Amma ba ni na fara ba.

Litinin, tara saura

Ta makara yau. Na yi ta gyara zama, na buɗe wannan na rufe wancan, har Dogo ya ce, "Ƙila sukari ne ya ƙare masa." Ban yi dariya ba. Da ta kunna sai da na ji numfashina ya sauka. Haushin kaina ya kama ni.

Ta kuma daɗe kafin ta dawo. Wace irin buta ce wannan?

Talata, bayan an tashi

Yau mun ga ta kanmu. Masu haƙa titi suka tsinke babbar igiyar da ke shigowa gidan nan, allo ya yi ja wur daga sama har ƙasa, ƙararrawa kamar za ta fasa kunne. 'Yan sashen ciniki suka cika mana ƙofa, kowa da nasa ihun, kamar mu muka riƙe diga. Wata har da cewa, "Me ake biyanku ku yi?" Na ce mata ana biyanmu mu ga abin da ya lalace, kuma mun gani, in tana da allura da zare ta fita titi ta ɗinke. Oga ya ce in iya bakina.

Muka juya kira zuwa layin ajiya, Dogo yana ta faɗa da masu ba mu layi, ni ina bin rassa ɗaya bayan ɗaya. Ko ruwa ban sha ba sai yamma.

Sai da komai ya lafa na koma baya ina duba na safe. A cikin duk jajayen nan na nemo ta. Tana nan, ta kunna ta koma, ba wanda ya danna mata komai. Na danna, ko da yake ba amfani.

Laraba, da safe

Ba ta kunna ba.

Laraba, azahar

Har yanzu. Ƙila ya je ɗauko kaya. Yakan je.

Alhamis, da safe

Ta kunna! Alhamdu lillahi.

Na jira ta dawo, na ɗauki wayar tebur na buga lambar sito. Sai ka ce mai satar nama a tukunya. Na gaya wa kaina aiki ne, dokar ɗaki ce, duk ƙararrawar da ta maimaita kanta a kira a ji.

"Sito," in ji shi.

Muryar ba tasa ba ce. Tasa ce, amma kamar an wanke ta an shanya ta ƙanƙance.

Na ce, "Daga ɗakin sa ido ne. Wayarku ta fita daga layi ɗazu."

Ina jin numfashinsa, da ƙarar motar ɗaga kaya daga nesa.

"Na sani," ya ce. "Kin gani ke nan."

"Aikina ne."

"Haka ne. To, sannu da aiki."

"Yawwa."

Na ajiye. Daga ɗakin sa ido ne! Ji min shirme. Kamar bai goya ni ba, kamar ba shi ya riƙa raka ni makaranta yana riƙe min jaka ba. Dogo ya turo min ruwa kawai. Da ya yi tsokanarsa da ya fi min sauƙi.

Jumma'a, da safe

Ta kunna. Na gani. Oga ya tambayi kwali, na ce motar kamfani ba ta samu ba. Ƙarya ce, tana nan a fake tun safe.

Asabar, a gida, da hantsi

Na wanke kaya, na share ɗaki, na sake sharewa. Ranar hutu ba allo, ba na sanin komai.

Muryar nan ta hana ni sukuni. Irin muryar da Mama ta yi ce a ƙarshe, a waya, lokacin da shi yake ce min, "Jiki da sauƙi, Auta, ki zauna kan aikinki, ƙarshen mako kya zo." Ya san abin da likita ya gaya masa. Ya sani sarai. Ni kuwa ina zaune gaban allo ina gadin wayoyin mutane, komai kore, har aka kira ni aka ce in zo. Na tarar an riga an rufe mata fuska.

Wai don kar hankalina ya tashi. Haka ya ce, a tsakar gida, gaban mutane. Ni kuma na buɗe baki.

Ba zan rubuta ba. Magana zarar bunu ce, kuma na zara.

Litinin, da safe

Ba ta kunna ba.

Talata, da safe

Babu.

Laraba, azahar

Oga ya shigo yana murmushi. "Madalla! Kin ga yadda allo ya yi tas? Ashe kin kai wayar." Ya ɗaga min babban yatsa ya fita. Kwalin kuwa yana nan tsakanin ƙafafuna.

Ban taɓa tsanar kore irin na yau ba.

Dogo ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Ya ce, "Ke, ni fa ba na shiga sha'anin gida. Amma ke kika koya min cewa layin da ya saba surutu in ya yi shiru, shi ake fara dubawa."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa."

Na buga sito. Direban motar ɗaga kaya ne ya ɗauka. Ya ce mai sito bai zo ba tun Jumma'a. Na ce lafiya? Ya ce, "Au, ba ki sani ba?" Sai ya fara inda-inda, wai ana kiransa a waje.

Na kira Anti. Tana ɗauka ta fashe da kuka. Ta ce ranar nan da ta neme ni a ɓoye ta yi, don ya hana. Ya ce kar a tayar min da hankali.

Kar a tayar min da hankali. Har yanzu! Wallahi da yana gabana da na shaƙe shi.

Laraba, magariba

Na je.

Ɗaki ne mai gadaje a jere, fanka ɗaya tana juyi kamar ba ta so. Na wuce shi ban gane shi ba, sai da Anti ta kira ni. Yayana da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya. Agogonsa ya sauko har gwiwar hannu.

Anti ta ce ciwon ya daɗe, tun kafin Mama ma yana zuwa asibiti a ɓoye. Ta faɗi sunan ciwon, na ji, ba na son rubuta shi.

Ta taɓa kafaɗarsa. Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona.

"Auta."

"Na'am, Yaya. Sannu."

"Kin rame."

Ka ji mai cewa wani ya rame.

Ya ce, "Wa ke kan allo?"

"Dogo."

"To ki koma da wuri, kar a yi miki faɗa."

Na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Yaya, maganar da na yi ranar nan..."

"Wace magana?" Ya lumshe ido. "Ke dai kin cika surutu tun kina yarinya."

Na riƙe hannunsa har barci ya ɗauke shi. Akwai sauran abin da nake son faɗa, da yawa ma. Na ce bari ya huta, gobe na faɗa.

Alhamis, azahar

Na roƙi Oga rabin yini, ya ba ni. Yau bai farka ba. An sa masa abin numfashi. Akwai wani ɗan allo a saman gadonsa mai layuka kore suna tafiya, na zauna ina kallo kamar ina wurin aiki. Da ya yi ƙara sai hannuna ya nemi abin dannawa.

Na yanke masa farce. Anti ta ce tun da ya kwanta yake cewa sun dame shi.

Jumma'a, da safe

Na leƙa kafin in zo aiki. Jiya i yau.

Allo kore.

Asabar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, la'asar

Mutane suna ta zuwa. Kowa ya ce min, "Ke ce autar? Kullum zancenki yake." Ina amsawa da amin, amin. Wasu daga cikinsu suna tsakar gida ranar da na ce daga yau ba ni da wa. Ga shi na rubuta. Suna kallona, ko kuma ni nake ganin kamar suna kallona.

Ashe bakina ne ya riga.

Anti ta ce kar in ƙara faɗin haka, kwana ne ya ƙare. Ita da ya kamata in lallasa, ita ke lallashina.

Litinin, da safe

Na koma aiki. Dogo ya goge min tebur, ya sa min biskit a gefen allo. Takwas da rabi ta yi, idona ya tafi ƙasan allo da kansa.

Talata, da safe

Haka.

Laraba, lokacin cin abinci

Oga ya yi min gaisuwa da kyau, har ya zauna. Da zai tashi ƙafarsa ta bugi kwalin. Ya duba, ya dube ni. Na jira faɗa. Ya ce, "An sa sabon mai sito. In ba za ki iya ba, Dogo ya kai."

Na ce ni zan kai.

Alhamis, bayan la'asar

Ban taɓa shiga ofishin nan ba sai yau. Shekara da shekaru ina ganinsa a matsayin layi ɗaya a ƙasan allo. Ɗan ɗaki ne a kusurwar sito, da tagar gilashi mai kallon inda ake jibge kaya. Tebur, kujera mai matashi da ya lotsa a tsakiya, tabarma a naɗe, silifas ɗinsa a ƙarƙashi. Sabon mai siton ya fita karɓar kaya, direban motar ɗaga kaya ne ya buɗe min. Dattijo ne, ya yi min gaisuwa har idonsa ya kawo ruwa.

Na ajiye kwali, na durƙusa bayan tebur in zare tsohuwar waya.

Soket ɗin mai baki biyu ne. Fari, sabo. Waya a ɗaya, ɗayan ba komai.

Na ce, "Baba, yaushe aka sa wannan?"

"Ai ya daɗe. Tun gyaran wutar da aka yi, bayan rasuwar mahaifiyarku da kaɗan."

"To me ya sa yake cire waya in zai dafa shayi?"

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. "Shayi? Ai ya bar shan shayi, cikinsa ba ya karɓa. Butar ma ga ta can." Ya nuna saman kabad. Tana can ta yi ƙura, igiyarta a naɗe a jikinta.

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Kullum in ya zo, kafin ya buɗe komai, sai ya sunkuya ya zare wayar nan. Ya zauna a kujera ya ɗora hannu a gwiwa. Can ya sunkuya ya mayar. Daga baya-bayan nan sunkuyon ma wuya yake ba shi, sai ya daɗe yana hutawa kafin ya iya mayarwa. Na ce masa in zare maka? Ya ce a'a, nasa ne. Na taɓa tambayarsa amfanin abin, ya ce, 'Autarmu nake gaisarwa.'"

Dattijon ya ci gaba.

"Wata rana ya ce min, 'Ko sun kashe ƙararrawar ma, wa ya sani.' Amma bai fasa ba. Sai ranar nan da kika kira. Wallahi yini ya yi yana fara'a, har ya saya mana lemo."

Daga ɗakin sa ido ne. Aikina ne. Abin da ya samu ke nan daga wurina, har ya sayi lemo a kai.

Na ce wa dattijon ya ba ni wuri kaɗan. Ya fita ya ja ƙofa.

Na zare filogin. Na hau kujerar, na ɗora hannu a gwiwa. Fuskar wayar ta yi baƙi. Shi ke nan abin da ake gani daga nan. Ba fitila, ba ƙara, ba abin da ke nuna wani ya danna wani abu a can. Ni ina can kullum ina danna "Na gani", ina jin kamar na amsa. Shi yana nan gaban baƙar waya.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar Asabar, ban yi ba ranar Mama. Na ce, "Yaya, ina gani. Kullum ina gani. Ko rana ɗaya ban tsallake ba." Na faɗa da ƙarfi, ban damu ko ana ji a waje ba.

Wayar hannuna ta yi ƙara. Dogo ne.

"Ta kunna," ya ce a hankali. "Ke ce?"

"Ni ce."

"In danna?"

Na ce ya bar min ita.

Jumma'a, takwas da rabi na safe

Sabuwar waya tana aiki, Oga ya ji daɗi. Tsohuwar da butar suna gidana, na roƙa an ba ni.

Ta jiya tana nan a ƙasan allo tana jirana, Dogo bai taɓa ta ba. Oga ya ce kafin a tashi yana son allo tas.

Na ce masa to. Da sauran lokaci kafin a tashi.